An shiga ɗakina ba a fasa ƙofa ba, wace irin kuba zan sa?

Malama daga Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen kafintoci da duk wanda irin wannan ta taɓa faɗa masa.

Ina haya a Tudun Jukun, Zariya, ciki da falo, a gida mai ƴan haya huɗu. Maigidana a Kaduna yake aiki, sai Juma'a da yamma yake shigowa ya koma Litinin da asuba. Sauran kwanakin daga ni sai yara uku, babbar shekararta 9. Ina koyarwa a wata firamare, bakwai da rabi duk mun fita, ba ma dawowa sai wajen ƙarfe biyu.

Ranar Talatar da ta wuce na dawo na tarar da ƙofata a rufe yadda na bar ta. Sai da na kai hannu na ga kwaɗon yana lilo, a kulle yake, amma ƙarfen da ake rataya shi ya rabu da ƙyauren. Sukuru huɗun da ke riƙe da shi an kwance su ɗaya bayan ɗaya, an jera su a bakin taga. Wanda ya yi aikin nan bai yi gaggawa ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Na tura ƙofa ta buɗe. An ɗauke kan keken ɗinkina, da tukunyar gas, da ƙaramar wayar da nake bar wa yara, da turmi uku na atamfa da aka kawo min ɗinki. Atamfofin nan su suka fi tsaya min a rai, don ba nawa ba ne, amana ce.

Ƙofar tana da kuba irin mai hannun nan. Tun da damina ta yi nisa ƙyauren ya kumbura ya ɗan sauka, in na murɗa makulli sakatar ba ta samun raminta, sai ta daki ƙarfen firam ta tsaya. Sau biyu ina gaya wa mai gidan hayar. Da na ga shiru sai na koma jan ƙofar kawai, harshen nan mai sifirin ya faɗa, in ƙara da kwaɗo. Yanzu a jikin firam, daidai saitin harshen, akwai ƙarzar wani abu mai kaifi kamar bakin wuƙa.

Ƙanina ya ce in sayi kuba mai sakata zalla, wadda masu shago ke ce wa dedlok, a sa ta sama da ta yanzu. Shi ne nake tambaya: da gaske ta fi wadda nake da ita, ko kuɗi kawai zan zubar? Ƙyauren katako ne, firam ɗin ma katako. Na ji akwai mai makulli ciki da waje, akwai mai abin murɗawa ta ciki, wacce ta dace da ni? Kuma shi ƙanin nawa zai iya sawa, ko lallai sai kafinta?

Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Kujera mai zaman uku nake ja in tokare ƙofa da ita, motsi kaɗan na farka.

Kafinta daga Sabon Gari:

Wa alaikumus salam. Malama sannu, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Ƙaninki ya yi gaskiya, amma rabin maganar ya faɗa. Harshen da kike dogara da shi bakinsa a karkace yake, kuma sifirin ne kawai ke turo shi. An yi shi haka ne don ƙofa ta rufu da kanta in an ja ta. To abin da ke sa shi komawa in ya daki firam, shi ke sa shi komawa in an zura wuƙa ko fallen roba mai tauri. Ƙarzar da kika gani ke nan. Ita kuwa dedlok sakatarta mai kusurwa ce, babu sifirin a bayanta, in ta fita ta gama fita ba ta komawa sai an murɗa makulli.

Sauran rabin maganar shi ne inda sakatar za ta shiga. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, an sha kirana gyaran ƙofar da aka ɓalle. Sau da yawa kubar lafiyarta ƙalau, tana nan a kulle da sakatarta a waje, firam ɗin ne ya tsage ya ba da hanya. Saboda haka kafin ki sayi komai, ki yi abu uku.

Ki ƙwanƙwasa ƙyauren da bayan yatsa, a tsakiya da kuma gefe. In ya yi ƙara kamar ganga, cikinsa fanko ne, falle biyu ne na filawud aka manna a kan ƴan sanduna. Irin wannan na ɗakin ciki ne, duk kubar da aka sa masa ƙafa ɗaya za ta huda shi. In ya amsa da nauyi, katako ne na gaske, sai mu ci gaba. Ki auna kaurinsa. Yawancin dedlok mai zagayen kai an yi ta ne don ƙyaure mai kaurin milimita 35 zuwa 45. Wadda ake fafe mata gida a cikin gefen katako kuwa tana son kamar milimita 44, in ƙyaure bai kai haka ba fafewar ma rage masa ƙarfi za ta yi. In siriri ne, gara wadda ake ɗaurawa a bayan ƙyaure ta ciki. Na uku, ki kama firam ɗin da hannu biyu ki jijjiga, ki kuma caka sukudireba a gindinsa. In ya motsa ko ya nutse, gara ta riga ku.

Maganar sawa. Ana sa ta sama da hannun ƙofa da kamar taƙi guda, don kada ramuka biyu su matsu da juna katakon ya yi rauni. Babban ramin fuska milimita 54 ne, na gefe inda sakata ke fita milimita 25. Daga gefen ƙyaure zuwa tsakiyar babban ramin milimita 60 ne ko 70, takardar da ke cikin kwalin za ta nuna, kada a jefar da ita. In ana huda babban ramin ba a zarcewa gaba ɗaya. Da zarar tsinin ya leƙo ta ɗaya fuskar sai a zagaya a ƙarasa daga can, in ba haka ba katakon zai yage.

Sakata mai kyau inci 1 take fita. Ramin firam dole ya fi haka zurfi ko da kaɗan ne. Nan ne yara masu koyo ke kuskure: su yi rami gajere, makulli ya juya rabi, mai ɗaki ya ji ta kama ya tafi. Sakatar da ba ta gama fita ba ba ta kulle kanta ba, ana iya tura ta baya. Yadda nake gane saiti, ina shafa jan-baki ko alli a bakin sakatar, in rufe ƙofa, in murɗa ta taɓa firam. Inda tabon ya fito nan zan fafe.

Sai farantin ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin ramin. Ƴan guntayen sukurun da ke zuwa cikin kwali ki ajiye su gefe, a sa masu inci 3. Amma ki lura, takardar kwalin da gidan Amurka take magana, inda bayan firam akwai ginshiƙin katako da sukuru zai kama. Mu nan bayan firam bulo ne, shi ma mai rami a ciki. Dogon sukuru in ya faɗa ramin bulo iska ya kama. Sai an cika wurin da kankare, an huda an sa fisha, wato robar nan da ake cusawa a ramin bango, sannan sukuru ya samu abin riƙewa. In da hali a samu fallen ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya ko fiye a bi gefen firam da shi, don duka ya rarrabu kada ya taru wuri guda. Hinji ma a duba, su zama uku, kowanne a canza masa sukuru biyu zuwa dogaye. Saukar da ƙyauren ki ya yi, ina kyautata zaton hinjin sama ne ya saki.

Kuma tunda yanzu katako a kumbure yake, in hunturu ya shigo zai tsuke, saitin zai ɗan gusa. A bar wa ramin ɗan sarari sama da ƙasa, amma banda gaba da baya.

Ƙaninki in yana da injin huda da zarton zagaye kuma hannunsa ya saba, zai iya. In ba shi da su, kada ya kama ƙyauren mutane da kurfi da guduma.

Uwar gida daga Gyallesu:

Ƴar'uwa sannu da wannan jarrabawa. Ni ɗaya daga cikin tambayoyinki zan amsa, don na ga abin da idona.

Don Allah kada ki sa mai makulli ciki da waje a ɗakin da kike kwana da yara. Wani hunturu maƙwabciyata ta shiga da garwashi ɗaki saboda sanyi, cikin dare labule ya kama. An ɗauke wuta, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, ta lalubi makulli inda ta saba ajiyewa ba ta same shi ba, ashe ƙaramin ɗanta ya yi wasa da shi da yamma. Tagogi duk da ƙarfe, irin na kowa. Muna jin ihunsu muna waje, maza na dukan ƙofa da taɓarya, ƙofar nan ta ƙi. Allah ne ya sa da sauran kwana, aka samo diga aka ɓalle firam. Yarinyarta ta kwana biyar a asibiti saboda hayaƙin da ta shaƙa. Har yau in na tuna muryar matar nan jikina sanyi yake.

Mai abin murɗawa ta ciki ko a duhu hannu zai same shi, ko ƴarki mai shekara 9 za ta buɗe. Masu cewa a sa mai makulli biyu hujjarsu ita ce ɓarawo zai fasa gilashi ya zuro hannu ya murɗa. To ki duba, in akwai taga ko gilashi kusa da ƙofar da hannu zai iya kaiwa, a sa mata raga mai ƙananan idanu. Gyaran taga ya fi sauƙi a kan abin da na gani.

Sannan makulli. Ki ƙirga nawa ne a kwali tun a shago. Kada ki bar shi ƙarƙashin turmi ko saman ƙofa don yara, duk wanda ya zauna a tsakar gidan kwana biyu ya san wurin.

Mai walda daga Muciya:

Hajiya, ni dai shawarata ki bar wahalar katako. A yi miki ƙofar ƙarfe da firam ɗinta na ƙarfe, a dasa ƙafafunta cikin bango da kankare, a yi wa kubar akwati a walde ta ciki, a yi wa kwaɗo rumfa yadda almakashin ƙarfe ba zai kai gare shi ba. An gama magana. Katako ko na maɗaci ne, kwana nawa gara da damina za su bar shi?

In kuma kin tsaya a kan kwaɗo, laifin ba na kwaɗon ba ne. Wanda ya ɗaura miki ƙarfen ratayen ya bar kan sukuru a fili. Na kirki in an rufe shi yana lulluɓe sukurunsa, ko kuma a sa noti mai santsin kai wanda ya ratsa ƙyaure aka ɗaure shi ta ciki.

Kafinta daga Sabon Gari:

Malam mai walda, ban ƙi taka ba, ƙofar ƙarfe ta fi ƙarfi in an yi ta da falle mai kauri. Amma baiwar Allah nan haya take, an kwashe mata jari, ga bashin atamfar mutane. Ranar da za ta tashi ba za ta ciri ƙofa ta tafi da ita ba. Kuma kai ma ka sani, ƙofar ƙarfe nawa ce a garin nan da silindar kubarta, wato inda ake zura makulli, ta leƙo waje kamar yatsa? Da filaya ake kama ta a karya ta a tsakiya, inda ramin sukuru ya sa ta yi siriri. Bai kamata ta wuce fuskar ƙarfen da milimita 3 ba. Maganar noti mai santsin kai kuwa daidai ka faɗa.

Ɗalibin injiniya daga Samaru:

Anti sannu. Zan ɗan ƙara a kan zaɓen kubar a shago, don kasuwa cike take da jabu.

A cikin silinda akwai ƴan sandunan tagulla, kowanne da tsawonsa, yawanci 5 ko 6. Haƙoran makulli ne ke ɗaga su su daidaita sannan ta juya. Wani Ba'amurke, Linus Yale ƙarami, shi ya yi rajistar wannan tsari da siririn makulli a 1861 da 1865, sunansa ne a jikin kubar Yale. Masu arha suna rage yawan sandunan, ga haƙoran kusan kai ɗaya, shi ya sa za ki ga makullin wani ya buɗe ɗakin wani. Ki dubi makullin, in haƙoransa hawa da sauka ne sosai ya fi. Ki ɗaga silindar a hannu, tagulla tana da nauyi, ta bogi fenti ne kawai a kan ƙarfe mara nauyi, in aka ƙarza za a ga fari a ƙasa.

A kwali, na Amurka suna da daraja ta 1 da ta 2 da ta 3, ta 1 ce mafi ƙarfi. Na Ingila kuma ana duba lambar BS 3621. Sai dai mai jabu ma ya iya buga lamba, don haka ki tafi da kafintan da zai sa, ya zaɓa da hannunsa, in ta ba da matsala ba shi da wanda zai ɗora wa.

In ƙurar hunturu ta sa makulli ya fara tauri, kada a ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura za ta manne ta zama laka. A goga bakin fensir a haƙoran makullin, a zura a zare sau da yawa.

Dattijo daga Ƙofar Doka:

Ƴata, Allah ya ba ki haƙuri. Sun gama miki maganar ƙarfe da katako, ni ta mutane zan yi. Kada ki huda ƙyauren nan sai maigidanki ya zauna da mai gidan hayar, a gaban shaida, a yi maganar wa zai biya me. Ki kai rahoto wajen ƴan sanda, ki sanar da mai unguwa da ƴan sintiri. Kan keken ɗinki yana da lamba a jikinsa, in kina da rasit ki ba masu gyaran keke a kasuwa lambar. Wanda ya san lokacin fitarki da dawowarki ba daga nesa yake ba, amma ki kama bakinki, kada ki ambaci sunan kowa a kan zato.

Sannan ki sa a leƙa saman silin. Gidajen haya da yawa bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki iyakarsa silin, sama kuwa fili ne ɗaya tun daga farkon gida har ƙarshe.

Malama daga Tudun Jukun:

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau kwana goma sha ɗaya, na ce bari in dawo in faɗa muku inda aka kwana.

Baba, mun bi shawararka. Maigidana ya samu mai gidan hayar ranar Asabar tare da limamin masallacin layinmu. An tsaya a kan shi zai ɗauki gyaran firam, mu mu sayi kuba, in za mu tashi mu bar ta a cire mana kuɗinta a haya. Mun kai rahoto, na kuma samo rasit ɗin keken a cikin akwatin aurena.

Ƙyauren da na ƙwanƙwasa ya amsa da nauyi, kaurinsa milimita 40. Amma firam, Malam kafinta, kamar kana wurin. Da na jijjiga shi sai da garin siminti ya zubo min a ƙafa. Da aka ɓamɓare filastar gefen, ƙusa uku ce kacal ke riƙe da ɓangaren kubar, ɗaya ma ta yi tsatsa ta karye. Gindin kuma gara ta cinye kamar tsawon tafin hannu, sukudireba ya shige kamar cikin burodi. An yanke wurin an yi masa ƙari, birkila ya cika ramukan bulon da kankare, aka ce a bar shi kwana uku. Kwana ukun nan a gidan yayata a Tudun Wada muka kwana.

Ranar Laraba muka shiga kasuwar Sabon Gari da kafintan, ya ɗaga kuba ta kai shida yana aunawa a tafin hannu kafin ya zaɓi ɗaya, mai abin murɗawa ta ciki, makulli uku. Babu wuta ranar, da injin huda mai batir ya yi aikin. Jan-bakina ya karɓa ya shafa wa sakatar. Da ya gama fafe ramin na ce ya bari in gwada da kaina. Na murɗa na ji ta tsaya kafin ta kai ƙarshe, na gaya masa, ya ƙara zurfin, sai ga shi ta tafi har ta yi ƙas. Ya ɗaga hinjin sama da dogayen sukuru, yanzu tsohuwar kubar ma ta koma kamawa, biyu nake kullewa.

Yaya ta Gyallesu, da daddare na kashe fitila na ce wa babbar ta tashi daga katifa ta je ta buɗe ƙofa a duhu. Sau uku ta yi, ba ta yi laluben kirki ba. Autan kuma hannunsa bai kai wurin ba, ko ya yi ɗage. Na mayar da kujera mazauninta.

Masu atamfa na je na same su ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ce sun yafe, ɗayar za ta aurar da ƙanwarta ne, ita zan biya ta a wata biyu.

Saura silin. Ƙanina ya hau da tocila ta ƙofar silin da ke baranda, ya ce daga can yana hango saman ɗakunan gidan duka huɗu, babu abin da ya raba su, kuma ta kan uwar ɗakina akwai falle ɗaya da ƙusoshinsa suka saki. Mai gidan ya ce layi uku na bulo zai kai bangon ga kwano, amma sai ƙarshen wata. Kafin nan, Malam kafinta, in aka bi saman silin ɗin da falanki aka buga a kan katakon rufi, zai riƙe? Ko raga ta ƙarfe ta fi? Ƙanin nawa zai dawo ranar Asabar da safe, ina so in san abin da zan sayo kafin ya zo.